Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Auna Sauƙin Gwada Manhaja

A watan Oktoban 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka ta saurari ƙarar da aka shigar da kamfanin Toyota a kan wata Camry ƙirar 2005 da ta yi hatsari, mace ɗaya ta rasu, ɗaya kuma ta ji munanan raunuka. Masu ƙara sun ce motar ce ta ƙara wa kanta wuta. Cikin shaidunsu akwai wani injiniya mai suna Michael Barr, wanda shi da abokan aikinsa suka daɗe suna karanta rubutun manhajar da ke sarrafa totur ɗin motar. Barr ya zo wa kotu da lissafi. Ya ce gaɓoɓi 67 na manhajar sun haura maki 50 a wani ma'auni da injiniyoyi suka sani, wato sun kai matsayin da ba a iya gwada su yadda ya kamata, kuma gaɓar da ke lissafa yawan buɗewar totur ita kaɗai makinta 146. Toyota ta musanta cewa manhajarta ce ta jawo hatsarin, kuma binciken da hukumar NASA ta fitar a 2011 bai gano wani lahanin lantarki da zai sa mota ta zabura haka ba. Duk da haka hukunci ya faɗa a kan kamfanin, da diyyar dala miliyan 3.

Maki 146 bai nuna wa kotu inda kuskure yake ba. Ya nuna wurin da, ko da akwai kuskure, da wuya gwaji ya tono shi. Daga ina irin wannan lamba take fitowa, kuma yaya ake duban rubutu a ce wannan zai gwadu, wancan kuwa zai wahalar?

Manhaja dai rubutu ce, jerin umarni da mutum ya tsara cikin wani yaren kwamfuta irin su C ko Java ko Python, kuma masu sana'ar suna kiran rubutun kod. Ana yanka kod gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da aikinta: wannan ta lissafa kuɗi, waccan ta tantance kalmar sirri. Gwaji kuma wani ɗan ƙaramin kod ne da ake rubutawa don ya kira gaɓa, ya miƙa mata abin da an riga an san amsarsa, ya kwatanta abin da ta fitar da abin da ake tsammani. A manyan kamfanoni dubban irin waɗannan gwaje-gwaje ne ke gudana da kansu duk lokacin da wani ya taɓa layi guda. Ƙa'idar ingancin manhaja ta duniya, ISO/IEC 25010 ta 2011, ta sa sauƙin gwaji cikin siffofin manhajar da za a iya ci gaba da gyarawa. Mai son auna wannan sauƙi kuwa abu uku yake bi: yawan hanyoyin da ke cikin gaɓa, yawan abin da sai an tanada kafin a tayar da ita, da kuma ko kuskurenta zai fito fili in ya faru.

Ƙidayar hanyoyi

Mu ɗauki wata makaranta da ke karɓar kuɗin zango ta manhaja. Kuɗin zango naira 60,000 ne. Idan ɗalibi na kwana ne, a ƙara 25,000. Idan yana da ɗan'uwa a makarantar, a rage 5,000. Idan wa'adin biya ya wuce, a ɗora tarar 2,000. Gaɓar da ke wannan lissafi tana da mararraba uku, wato wurare uku da kwamfuta za ta tsaya ta zaɓi e ko a'a.

A 1976 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Thomas McCabe, ya nuna cewa ana iya zana kowace gaɓa a matsayin taswirar hanyoyi da mahaɗai, a fitar da lamba ɗaya da ke nuna sarƙaƙiyarta. A taswira, ana cire yawan mahaɗai daga yawan hanyoyi a ƙara 2. A aikace abin ya fi haka sauƙi: ƙirga mararraba, ka ƙara ɗaya. Duk inda aka ce “idan”, duk inda aka ce “a maimaita har sai”, duk zaɓi guda cikin jerin zaɓuɓɓuka, maki ɗaya ne. Gaɓar makarantarmu makinta 4, kuma ga ma'anarsa: gwaji huɗu ake bukata a taka hanyoyinta na asali. Ɗalibin jeka-ka-dawo marar ɗan'uwa da ya biya a kan kari, amsa ta zama 60,000. Na kwana, 85,000. Mai ɗan'uwa, 55,000. Wanda ya makara, 62,000. Kowane gwaji abu ɗaya ya sauya, don haka in amsa ta kauce an san mararrabar da za a duba.

McCabe ya ba da shawarar kada gaɓa ta wuce maki 10, kuma wata takardar hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, a 1996 ta yarda a kai 15 ga ƙwararrun da ke da dalili. Mai karatu yanzu zai gane nauyin 146: hanyoyi ne 146 masu zaman kansu a cikin gaɓa guda, kowacce tana neman nata gwajin, kuma sai mai gwajin ya gano irin abin da zai shigar ya tilasta wa kwamfuta bin kowacce.

Amma lambar McCabe tana tarawa ne, alhali hanyoyi ninkuwa suke yi. Mararraba uku da ke bin juna suna haifar da haɗi takwas: ɗalibin kwana mai ɗan'uwa da ya makara, wanda zai biya 82,000, yana ɗaya daga cikinsu, kuma babu shi a gwaje-gwajenmu huɗu. In mararraba ta kai 10, makin McCabe 11 ne kacal, haɗin kuwa 1,024. In ta kai 20, maki 21, haɗi ya haura miliyan ɗaya. Wannan ya sa Brian Nejmeh ya fito da wani ma'auni mai suna NPATH a 1988, wanda ke ninkawa maimakon tarawa, ya kuma sa iyakarsa a 200. Kayan aiki irin su PMD na Java da radon na Python da ESLint na JavaScript suna fitar da makin McCabe cikin daƙiƙu, ba tare da an ma tayar da manhajar ba, PMD kuma yana haɗawa da NPATH.

Abin da gaɓa ta jingina da shi

Ƙidayar hanyoyi ita ce ta fi shahara saboda ita ta fi sauƙin yi, amma ba ita ce ta fi hana masu rubuta manhaja barci ba. A ce mutum biyu aka ba aikin makarantar nan. Na farko ya rubuta gaɓar ta yadda ita da kanta za ta tambayi agogon kwamfuta ranar yau, ta shiga rumbun bayanan makaranta ta ɗauko sunan ɗalibi, ta yi lissafi, sannan ta tura wa uban yaro saƙon tes, ba ta mayar wa wanda ya kira ta komai ba. Na biyu ya rubuta tasa tana karɓar abu huɗu daga waje: ɗalibin na kwana ne ko a'a, yana da ɗan'uwa ko a'a, ranar wa'adi, da ranar yau. Ta yi lissafi, ta mayar da adadi. Shi ke nan. Duka biyun makinsu 4 a ma'aunin McCabe.

To, a je a gwada tarar makara. A gaɓa ta biyu layi uku ne: ba ta ranar da ta wuce wa'adi, karɓi amsa, duba ko 62,000 ce. A ta farko sai an juya agogon kwamfutar gaba ko a jira wa'adi ya wuce da gaske. Sai an kafa rumbun bayanai an zuba ɗaliban bogi. Sai an tabbatar saƙo ba zai faɗa wayar wani uba na ainihi ba. Bayan duk wannan, amsar ma sai an je an leƙa waya kafin a gan ta. Gwajin da ke cin irin wannan wahala, yau za a yi shi, gobe za a ce babu lokaci, jibi an manta da shi.

Injiniyoyi suna kallon wannan matsala ta fuska biyu: iya sarrafawa da iya gani. Shin zan iya sa gaɓa cikin halin da nake so in gwada? Shin zan iya ganin abin da ta aikata? Tunanin ya samo asali ne daga aikin Rudolf Kalman a kan sarrafa injuna wajen 1960, masu ƙera kayan lantarki suka ɗauka, sannan Roy Freedman a 1991 da Robert Binder a 1994 suka shigo da shi fagen manhaja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan makanikin janareta ya ga abin: yakan kwance filogi, ya jingina shi a jikin inji, ya ja igiya, ya ga ko wuta na tartsatsi. Ya iya haka ne domin filogin yana kwantuwa. Da an yi masa walda da injin, sai dai a tayar da janareta gaba ɗaya a yi ta saurare ana hasashe.

Jinginar gaɓa da wasu ma ana ƙirga ta. A 1994 Shyam Chidamber da Chris Kemerer sun fitar da ma'aunai shida na manhajojin da ake ginawa rukuni-rukuni, kamar na Java. Biyu daga ciki sun shafi batunmu kai tsaye: ɗaya yana ƙirga rukunai nawa wannan rukuni ya jingina da su, ɗayan yana ƙirga gaɓoɓi nawa za su iya motsawa in aka taɓa shi sau ɗaya. A 2004 wasu masu bincike biyu a Holan, Magiel Bruntink da Arie van Deursen, sun ɗora irin waɗannan ma'aunai a kan manhajojin Java na gaske, har da Apache Ant, suka kwatanta da gwaje-gwajen da aka rubuta musu. Sun tarar cewa rukunin da ya fi girma kuma ya fi jingina da wasu, gwajinsa ya fi tsawo. Abin da masu sana'a ke ji a jikinsu, sai ga shi a lissafi.

Wajen 2008 wani injiniyan Google, Miško Hevery, ya fitar da wani kayan aiki mai suna Testability Explorer da dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta. Yakan bi gaɓa ya tara sarƙaƙiyarta da ta duk abin da take kira, amma da sharaɗi guda: duk abin da mai gwaji zai iya cirewa ya sa na bogi a madadinsa, ba a ɗora wa gaɓar nauyinsa. In agogo daga waje ake miƙo shi, mai gwaji zai miƙa agogon bogi da ke nuna ranar da yake so, don haka babu tara. In kuwa gaɓar ce ta ƙirƙiri agogon a cikinta, duk sarƙaƙiyar agogon ta hau kanta. Da wannan hanya gaɓoɓin makarantarmu biyu za su rabu nesa da juna, ko da yake McCabe ya ba su maki ɗaya.

Kayan aikin Hevery yana kuma cin tara mai nauyi a kan ma'ajiyar kowa-da-kowa, wato wurin ajiye bayani da kowace gaɓa a manhaja ke iya karantawa ta kuma sauya. Illarta ga gwaji babba ce. Amsar gaɓa ta daina dogara da abin da aka miƙa mata kaɗai, ta koma dogara da abin da wata gaɓa ta bari a ma'ajiyar ɗazu. Gwaji ya ci in an yi shi shi kaɗai, ya faɗi in an yi shi bayan wani. A shari'ar Oklahoma an bayyana cewa manhajar totur ɗin tana da irin waɗannan ma'ajiyoyi kimanin 10,000.

Kuskuren da ke ɓuya

Saura na uku, wanda ya fi dabara. A farkon shekarun 1990 Jeffrey Voas ya yi bayanin cewa kafin gwaji ya kama kuskure, sai abu uku sun auku a jere: kwamfuta ta taka layin da ke da kuskuren, takawar ta ɓata wani bayani a ciki, sannan ɓarnar ta biyo hanya ta fito a amsa. In ɗaya ya kuɓuce, gwaji zai ce lafiya lau alhali da cuta.

A duba gaɓar da ke karɓar makin jarrabawa daga 0 zuwa 100 ta ce an ci ko an faɗi, makin ci kuma 40. A ce akwai kuskuren da ke ƙara wa kowa maki ɗaya. Mai 70 ya zama 71, ya ci dama. Mai 20 ya zama 21, ya faɗi dama. Cikin makuna 101 da za a iya shigarwa, 39 ne kaɗai zai fallasa kuskuren. Gaɓar da ke haɗiye bayani mai yawa ta fitar da e ko a'a tana haɗiye kurakuranta tare da shi. Da za ta fitar da makin da ta lissafa tare da hukuncin, kowane gwaji zai kama ɓarnar. Don haka Voas ya ɗauki tazarar da ke tsakanin yawan abin da ke shiga da yawan abin da ke fita a matsayin alamar inda kuskure zai iya laɓewa.

Auna gwajin kansa

Duk ma'aunan da suka gabata rubutu suke karantawa. Akwai kuma waɗanda sai an gudanar da gwaje-gwaje suke aiki. Mafi sani shi ne takun gwaji: kashi nawa cikin ɗari na layuka ko na rassan mararraba gwaje-gwaje suka taka. JaCoCo yana yi wa Java wannan, coverage.py yana yi wa Python, gcov yana yi wa C. Amfaninsa ga batunmu shi ne, wurin da aka yi ta ƙoƙari gwaji ya kasa kaiwa, galibi nan ne kod ya ƙi sarrafuwa.

A 2007 Alberto Savoia da Bob Evans sun haɗa taku da sarƙaƙiya cikin lissafi ɗaya da suka kira CRAP. Gaɓa mai makin McCabe 10 da babu gwajin da ya taɓa ta tana samun 110. In gwaji ya taka rabinta, ta sauko 22.5. In ya taka duka, ta koma 10. Sun sa iyaka a 30, wanda ke nufin gaɓar da sarƙaƙiyarta ta wuce 30 babu yawan gwajin da zai wanke ta, sai an rarraba ta.

Sai dai taka layi daban, duba amsarsa daban. Ana iya rubuta gwajin da zai bi kowane layi bai kwatanta komai ba, ya ba da kashi 100. Maganin wannan shi ne gwajin dasa kuskure, wanda Richard DeMillo da Richard Lipton da Fred Sayward suka bayyana a 1978. Kayan aiki irin su PIT da Stryker sukan ɓata kod da gangan, sau ɗaya a lokaci guda: su mai da tarawa ragewa, su mai da “ya fi” ya zama “ya fi ko ya yi daidai”, sannan su gudanar da gwaje-gwaje. In gwaji ya faɗi, an kama dasashen kuskuren. In duk sun ci, to ko gwajin rago ne, ko kuma gaɓar irin mai haɗiye kuskure ce da Voas ya siffanta. Wannan ne ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya, shi ne kuma ya fi cin lokacin kwamfuta.

Inda lamba ta tsaya

Waɗannan lambobi suna da iyaka, kuma masu fagen sun daɗe da sanin haka. Tun 1988 Martin Shepperd ya soki ma'aunin McCabe da cewa sau da yawa bai fi ƙirga layuka faɗin wani abu ba. Jerin zaɓi 12 na watannin shekara zai haura iyakar 10, alhali yaro ma zai gwada shi. Akasin haka kuma yana faruwa. Ranar 31 ga Disamban 2008 na'urorin sauraren waƙa na Zune masu gigabait 30, na kamfanin Microsoft, suka sandare a ko'ina cikin duniya. Sanadin 'yan layuka ne da ke mai da ƙidayar kwanaki zuwa shekara, waɗanda ba su san yadda za su yi da rana ta 366 ta shekara mai tsalle ba, sai suka yi ta zagaye babu fita. Gaɓar ƙarama ce, makinta kaɗan, kuma gwaji ɗaya da lambar wannan rana zai fallasa ta. Ma'auni yana cewa abu zai gwadu, ba ya cewa an gwada shi.

Akwai kuma haɗarin da masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya yi gargaɗi a kansa a 1975, cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin da ake kora. In shugaba ya ce kada gaɓa ta wuce 10, wani zai datsa mai 30 gida uku, su ci gaba da magana da juna ta ma'ajiyar kowa-da-kowa. Lamba ta yi kyau, gwaji ya ƙara wuya. Amfanin lambobin shi ne su jera gaɓoɓi daga mafi muni, mutum ya buɗe goman farko ya karanta da idonsa, musamman waɗanda ake yawan taɓawa da waɗanda kuɗi ko rai ya rataya a kansu.

Wanda ke son ganin abin da sauƙin gwaji ke saya, ya dubi SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da Richard Hipp ya fara a 2000, wanda yau yake cikin kowace wayar Android da iPhone. Tun 2009 gwaje-gwajensa suke taka kowane reshe na kowace mararraba a cikin ainihin kod ɗinsa, bisa koyi da ƙa'idar DO-178B ta manhajojin jiragen sama, kuma kod ɗin gwajin ya ninka na rumbun sau ɗaruruwa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne gini. SQLite ba ya taɓa faifan ajiya ko neman gurbin ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai ta wata kafa da ake iya musanyawa. Masu gwaji sukan sa faifan bogi da zai ƙi rubutu a karo na farko, su ga me zai faru, sannan a karo na biyu, na uku, har ƙarshen aikin. Sukan kwaikwayi ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, su duba ko bayanai sun tsira. Babu wanda zai iya cire soket sau dubbai a daidai daƙiƙar da yake so, amma da yake an bar ƙofa tun farko, kwamfuta tana yin hakan da kanta.

Tun ran gini tun ran zane. Sauƙin gwaji ana yanke shi ne ranar da marubuci ya zaɓi ya karɓi agogo daga waje ko ya ƙulle shi a ciki, ya mayar da amsa ko ya binne ta. Gyara wannan bayan shekara biyar yana cin ninkin abin da zai ci a ranar farko. Shi ya sa asibiti ko banki ko makarantar da ta ba da kwangilar manhaja take da haƙƙin ta nemi fiye da allo mai kyau. Ta nemi a nuna mata jerin gaɓoɓin da suka fi sarƙaƙiya, da kason da gwaji ya taka a cikinsu, ta kuma ce a gudanar da gwaje-gwajen a gabanta ba tare da intanet ba. Kayan auna duk wannan yawancinsu kyauta ne, kuma ɗan kwangilar da ya gina aikinsa don a gwada zai kawo amsar kafin a tashi daga zaman.